Taron tunawa da Martin Luther King a jami'o'in Amurka: amsa ga wata ɗaliba

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce daga Zariya, ina karatun digiri na biyu a wata jami'a a Amurka, kuma wannan ce shekarata ta farko a ƙasar. Ƙungiyarmu ta ɗaliban Afirka ta tura ni in wakilce ta a kwamitin da ke shirya taron tunawa da Martin Luther King na watan Janairu. Na halarci zama biyu, amma ban ji ana maganar komai ba sai wanda za a gayyato ya yi jawabi da irin abincin da za a raba. Wasu abokan karatuna baƙaƙen fata 'yan asalin ƙasar sun ce mini taron duk na ganin ido ne, ba sa ma zuwa. Don Allah ka yi mini bayanin asalin abin, da dalilin da ya sa jami'o'i suka riƙe shi haka, da kuma shawarar da ta kamata in kai wa kwamitin, ni da nake baƙuwa."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗiyata. Idan na fahimce ki daidai, abin da ke damun ki shi ne ko wannan taro yana da wata ma'ana da ta wuce jawabi da cin abinci, sannan ko wanda ya sauka a ƙasar jiya-jiya yana da bakin magana a cikinsa. Na koyar da tarihi na wasu shekaru a wata jami'ar gwamnatin jiha a tsakiyar Amurka, na kuma zauna a irin kwamitin da kike ciki har sau huɗu, sau ɗaya ma ni ne sakatare. Zan amsa miki da abin da na karanta da abin da idona ya gani, kuma tun yanzu zan gaya miki cewa abokan karatunki suna da gaskiya, sai dai ba dukkan gaskiyar ce a hannunsu ba.

Yadda ranar ta samo asali

An haifi King, jagoran gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata a Amurka, a birnin Atlanta ranar 15 ga Janairu, 1929, aka harbe shi a birnin Memphis ranar 4 ga Afrilu, 1968, yana da shekara 39. Kwana huɗu da rasuwarsa wani ɗan majalisar wakilai daga jihar Michigan, John Conyers, ya gabatar da ƙudirin a ware masa ranar hutu ta ƙasa. Ƙudirin ya yi shekara 15 yana kai da komo. Matarsa, Coretta Scott King, ta yi ta zarya zuwa majalisa, aka tara sa hannun mutane kimanin miliyan shida, kafin Shugaba Ronald Reagan, wanda da farko ba ya goyon bayan abin, ya sa hannu a dokar ranar 2 ga Nuwamba, 1983. An fara hutun ranar 20 ga Janairu, 1986, kuma daga nan ake yin sa kowace Litinin ta uku ta watan Janairu.

Ko bayan haka wasu jihohi sun turje. A Arizona masu jefa ƙuri'a sun ƙi amincewa da hutun a 1990, har hukumar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta ɗauke wasan ƙarshe na 1993 daga jihar, abin da ya jawo musu asarar kuɗi mai yawa, sai a 1992 suka amince. Sai a shekarar 2000 dukkan jihohi 50 suka shigo sahu, kuma har yau Alabama da Mississippi suna haɗa ranar da tunawa da Robert E. Lee, janar ɗin rundunar Kudu da ta yi yaƙi don kada a soke bauta. A 1994 kuma Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a wata doka, wadda Sanata Harris Wofford da ɗan majalisa John Lewis suka kawo, da ta mai da ranar ta aikin sa kai. Daga nan ne aka samo irin aikin gayyar da za ki ga ɗalibai suna yi, su yi fenti a makarantun firamare ko su ɗaure kwalayen abinci ga marasa ƙarfi.

Wannan jinkiri na shekara da shekaru yana da dalili, kuma dalilin ne ba a cika faɗa a wurin taro ba. A shekarunsa na ƙarshe King ba abin ƙauna ba ne ga yawancin Amurkawa. Ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a da kamfanin Gallup ya yi a 1966 ta nuna kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka tambaya ba sa ganin sa da kyau. Hukumar FBI, ƙarƙashin J. Edgar Hoover, ta yi shekaru tana sauraron wayarsa a ɓoye. Da ya tsaya a cocin Riverside da ke New York ranar 4 ga Afrilu, 1967, ya la'anci yaƙin Biyetnam, manyan jaridun da suka saba yabon sa sun juya masa baya, har wasu abokan gwagwarmayarsa suka ce ya wuce gona da iri. Mutumin da ake liƙa hotonsa a kowane ɗakin taro yanzu, wanda kowane ɗan siyasa ke ikirarin nasa ne, an gyara masa fuska bayan mutuwarsa. An riƙe jawabinsa na mafarki, wanda ya yi a Washington ranar 28 ga Agusta, 1963 gaban mutane kimanin 250,000, aka bar maganganunsa kan talauci da albashi da gidaje da yaƙi a cikin ɗakin ajiyar littattafai.

Dalilin da jami'o'i suka riƙe ranar

King kansa ɗan makaranta ne. Ya shiga kwalejin Morehouse a Atlanta yana ɗan shekara 15, ya gama a 1948, ya karanci ilimin addinin Kirista a Crozer da ke jihar Pennsylvania, ya samu digirin digirgir a Jami'ar Boston a 1955, shekarar da aka kama Rosa Parks, wata baƙar fata da ta ƙi tashi wa farar fata daga kujerar bas, aka fara ƙaurace wa motocin bas na Montgomery har kwana 381. Amma abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ɗalibai ne suka zama ƙashin bayan gwagwarmayar. Ranar 1 ga Fabrairu, 1960, ɗalibai huɗu na kwalejin North Carolina A&T suka shiga kantin Woolworth a garin Greensboro, suka zauna a wurin cin abincin da aka keɓe wa farare, suka ƙi tashi. Cikin 'yan makonni wannan zaman dirshan ya bazu a biranen Kudu. A watan Afrilun shekarar, 'yar gwagwarmaya Ella Baker ta tara ɗalibai a Jami'ar Shaw da ke Raleigh, inda aka kafa SNCC, ƙungiyar ɗalibai masu gwagwarmayar lumana, kuma ita ce ta dage cewa ɗaliban su tsaya da ƙafarsu, kada su zama reshen ƙungiyar King.

Su kansu jami'o'in fagen fama ne. A 1956 an kori Autherine Lucy, ɗaliba baƙar fata, daga Jami'ar Alabama bayan kwana uku kacal a aji, saboda tarzomar da farare suka yi. A 1962 sai da gwamnatin tarayya ta tura dubban sojoji kafin James Meredith, shi ma baƙar fata, ya yi rajista a Jami'ar Mississippi, kuma mutum biyu sun mutu a rikicin. Ranar 11 ga Yuni, 1963, Gwamnan Alabama George Wallace ya tsaya da kansa a bakin ƙofa a Jami'ar Alabama don ya hana ɗalibai baƙar fata biyu, Vivian Malone da James Hood, shiga. Wata biyu kafin a kashe King, ranar 8 ga Fabrairu, 1968, jami'an tsaron jiha sun buɗe wuta a harabar kwalejin jihar South Carolina da ke Orangeburg, suka kashe matasa uku. Bayan kisan King ne jami'o'in farare da dama suka yi gaggawar buɗe guraben tallafin karatu da sunansa, aka kuma fara kafa sassan nazarin tarihin baƙar fata, irin wanda ɗaliban kwalejin San Francisco State suka samu bayan yajin karatu na wata biyar a 1968 zuwa 1969. To kin ga jami'ar da ke wannan taro sau da yawa bashi ne a kanta, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba.

Akwai kuma dalilin da bai kai wannan nauyi ba. Ranar tana faɗowa daidai farkon zangon karatu na biyu, hukumar jami'a tana son taron da zai haɗa kowa, a ɗauki hotuna masu kyau a saka a shafin jami'a na intanet. A nan ne maganar abokan karatunki take da tushe.

Abin da na gani a ɗakin taro

A shekara ta biyu da na shiga kwamitin an ɗora mini duba ɗakin taro. Na isa wajen ƙarfe shida na asuba, gari bai waye ba, dusar ƙanƙara ta kai ƙwauri. Na tarar da wata dattijuwa baƙar fata da ta haura sittin, ita da samari biyu suna jera kujeru, tana bin tebura ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Na gaishe ta, na yi mata barka da hutu. Ta dube ni ta yi dariya, ta ce hutun na malamai ne da ma'aikatan ofis, su kamfanin kwangila ne ya ɗauke su, ranar da mutum bai zo ba babu kuɗinsa. Muna jera kujerun tare take gaya mini cewa tana firamare aka kashe King, kuma ba ta manta yadda washegari malamarsu ta shigo aji ta kasa cewa komai ba, ta kifa kanta a kan tebur. Da ƙarfe takwas shugaban jami'a ya hau mumbari ƙarƙashin ƙaton hoton King, ya yi jawabi mai daɗi aka tafa masa. Ita kuwa tana tsaye can baya kusa da ƙofa, riƙe da baƙar ledar shara, tana jiran a gama ci ta kwashe.

Abin ya tsaya mini a rai saboda na san abin da ya kai King Memphis. Ranar 1 ga Fabrairu, 1968, masu kwashe shara biyu, Echol Cole da Robert Walker, sun fake daga ruwan sama a bayan motar shara, injin matse sharar ya tashi ya murƙushe su. Ranar 12 ga watan ma'aikata kimanin 1,300 suka shiga yajin aiki, suna neman ƙarin albashi da a amince da ƙungiyarsu. Goyon bayan waɗannan leburori ne ya kai shi garin da aka kashe shi, a daidai lokacin da yake shirya gangamin talakawa, baƙi da farare, zuwa Washington. Ga mu kuma muna tunawa da shi da hannun ma'aikaciyar da ba a ba ta hutun ranarsa ba.

Na kai maganar zama na gaba, aka ce mini wannan ba hurumin kwamitin ba ne, kuma a ƙa'ida haka ne. Sai da ƙungiyar ɗalibai ta ɗauki maganar, aka yi shekara biyu ana rubuce-rubuce, kafin a saka biyan kuɗin hutun ranar a cikin sabuwar kwangilar. Ba wani babban abu ba ne, amma a cikin shekaru huɗun da na yi shi kaɗai ne zan iya nunawa da yatsa in ce ga abin da taron ya haifar. Irin haka ta faru a manyan wurare ma: a 2001 ɗaliban Harvard sun yi zaman dirshan na mako uku a ginin da ofishin shugaban jami'ar yake, suna neman a ƙara wa masu shara da masu dafa abinci albashi, kuma daga baya an ƙara.

Hanyoyin da ke gaban kwamitinku

Gayyato babban baƙo ya yi lacca ita ce hanya mafi sauƙi, ita ce kuma mafi tsada, domin fitattun masu jawabi suna karɓar kuɗin da zai iya cinye yawancin kasafin kwamiti a awa ɗaya. Ban ce ba ta da amfani ba. Idan aka samu dattijon da ya yi zaman dirshan ko ya yi tattakin neman 'yancin zaɓe na garin Selma na 1965 da ƙafarsa, a kawo shi, domin masu irin wannan shaida suna ta ƙarewa, kuma sau da yawa akwai su a garin da jami'ar take, ba a ma neme su ba.

Aikin gayya yana da kyau, yana kuma fitar da ɗalibai daga harabar jami'a su ga unguwannin da ba su taɓa takawa ba. Aibinsa shi ne yakan ƙare ranar da aka fara shi. Wata shugabar wurin rabon abinci ta taɓa ce mini a ranar King masu sa kai suna yi mata yawa har ta rasa aikin da za ta ba su, a watan Maris kuma ta nemi mutum biyar ta rasa. Idan kwamitinku zai yi wannan, ya ƙulla alƙawari da wuri ɗaya ko biyu na zango guda cur, ranar Litinin ɗin ta zama ranar farawa.

Abin da na fi ganin tasirinsa a kan ɗalibai, kuma kusan ba ya cin ko sisi, shi ne zaman karatu. A raba mutane rukuni-rukuni, goma sha biyu zuwa sha biyar, a ba su rubutun King cikakke su karanta su tattauna. Na fi amfani da wasiƙar da ya rubuto daga kurkukun Birmingham a Afrilun 1963, wadda amsa ce ga malaman addini takwas farare da suka ce ya yi haƙuri ya bi ta kotu, sannan in haɗa da jawabin Riverside. Ɗalibai da yawa ba su taɓa karanta fiye da layi biyu na maganarsa ba, kuma sukan yi mamakin zafin harshensa a kan masu sassaucin ra'ayi da ke cewa lokaci bai yi ba. Wani ɗalibi bature ya taɓa ajiye takardar ya ce, da yana raye a 1963, yana tsoron yana cikin masu cewa a yi haƙuri. Ban taɓa jin an faɗi irin wannan magana a wurin karin kumallon shugaban jami'a ba.

Hanya ta ƙarshe ita ce jami'a ta dubi kanta, kuma ita ce kwamitoci suka fi gudu. Jami'ar Brown ta fitar da rahoto a 2006 kan alaƙarta da cinikin bayi, Georgetown kuma ta amsa cewa a 1838 an sayar da bayi 272 don a biya bashin da ke kanta. Ba kowace jami'a ke da tarihi mai nauyi haka ba, amma kowace tana da shekarar da ta fara ɗaukar baƙar fata, da adadin malamanta baƙaƙe a yau, da albashin mai shara, kuma duk ana iya tambayar waɗannan a bainar jama'a.

Matsayinki na baƙuwa

Kada ki ɗauka ba ki da rabo a wannan tarihi. King ya je Accra a Maris 1957 bikin samun 'yancin Gana bisa gayyatar Kwame Nkrumah, ya kuma zo Legas a Nuwamba 1960 lokacin rantsar da Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar. Nkrumah da Azikiwe duka a Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania suka yi karatu, jami'ar baƙaƙen fata, a zamanin da yawancin jami'o'in Kudu ba za su buɗe musu ƙofa ba. Dokar shige da fice ta 1965, wadda ta soke fifita Turawa a kan sauran jama'a wajen shiga Amurka, ta fito ne a zamani ɗaya da dokar haƙƙin 'yan ƙasa ta 1964 da dokar 'yancin zaɓe ta 1965. Kujerar da kike zaune a kai a aji, wasu ne suka sha duka kafin a ajiye ta.

Kina kuma da abin kwatance daga gida. Kowace shekara a watan Afrilu ana taron tunawa da Malam Aminu Kano, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, a gidansa na Mambayya da ke Gwammaja, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Duk wanda ya san tarihin NEPU, da ɗaurin da aka yi wa 'yan Sawaba irin su Hajiya Gambo, ya san yadda mutum ke komawa na kowa bayan ya mutu, har waɗanda suka tsangwame shi su zo sahun gaba da manyan riguna. Wannan kwatance zai taimake ki ki gane abin da ke ɓata wa abokan karatunki rai, amma kada ki miƙe a taro ki ce abu ɗaya ne. Malam da mulkin En'e da haraji da jangali ya yi fama, su kuwa da dokar launin fata wadda ta biyo bayan bautar fiye da shekara 200, kuma ciwon yana jikin iyayensu da kakanninsu. Ki je wurin waɗanda suka ce ba sa zuwa, ki tambaye su me zai sa su zo, ki kai amsarsu kwamiti da sunan ƙungiyarsu idan sun yarda. Wata jami'ar tana yin taron a coci da waƙoƙin ibada, tun da King fasto ne. Idan haka taku take kina iya ba da shawarar a koma babban ɗakin taro don kowa ya samu shiga, hukuncin halarta kuwa na malaman addini ne, ba fannina ba ne.

Ki sani kuma abin da na gani a jami'a ɗaya na gan shi, ta gwamnati, kuma yanayi ya sauya tun bayan da na baro. A Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a shekarar kuma jihohin Texas da Florida suka yi dokokin da suka taƙaita ofisoshin kula da daidaito a jami'o'in gwamnati, alhali irin waɗannan ofisoshi ne suka saba ɗaukar nauyin taron. Saboda haka ki fara tambayar wane ofishi ne ke biyan kuɗin taronku, da abin da dokar jiharku ta yarda da shi. Sannan ke da bizar ɗalibi kike zaune, don haka ki tsaya ga aikin kwamiti da rubutu da tambaya, ki bar zaman dirshan ga waɗanda kamu ba zai raba su da karatunsu da ƙasar ba.

A zama na gaba kada ki kai shawara goma. Ki kai takarda mai shafi ɗaya da buƙata biyu: a ware awa biyu na zaman karatu bayan jawabin baƙo, sannan a tambayi hukumar jami'a a rubuce ko masu shara da masu abinci da masu gadin da za su yi aiki ranar ana biyan su kuɗin hutu. Da wuya wani ya fito fili ya ƙi, abin da aka saba shi ne a ce za a duba. Idan aka faɗi haka, ki roƙi sakatare ya rubuta a bayanin zama sunan wanda zai kawo amsar da ranar da zai kawo ta. Ranar 4 ga Afrilu, ranar da aka kashe King, ta dace, domin ana cikin zangon karatu, ɗalibai duk suna nan.